Sunan 'Yar Bawku

Yendi, 4 ga Yuli

Goggo Asiatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Awudu da iyalinsa, da Munawara in ta leƙo gida. Yaya ƙafar taki? Ƙanenki Baba ya ce man da kika aiko masa ya yi aiki, sai dai har yau ya ƙi daina hawa babur. Mu nan lafiya lau, ruwa yana sauka, doya ta yi kyau.

Goggo, ki zauna kafin ki karanta sauran. Kin tuna bara da na zo Salaga na ɗauki muryarki kina yi wa jikoki tatsuniya, na sa a shirina na rediyo? To muryar nan ta fi mai ita yawo. Akwai wani babban kamfani na ƙasar waje da ke yin fina-finan zane, irin katun ɗin da yara ke kallo, amma na sinima, wanda babba ma zai zauna ya manta da kansa. Suna da sabon fim da zai fito a Disamba, kuma suna so a yi shi da Hausa. Wakilansu na Akra sun ba ni aikin ɗora muryoyi a ɗakinmu na nan Yendi. Na aika musu muryoyin mata shida su zaɓi wadda za ta zama uwar yarinyar fim ɗin. Ko kalma ɗaya ta Hausa ba su ji, amma suka ce ta huɗu suke so, wai tana faɗa tana rarrashi a lokaci guda. Ta huɗun nan ke ce.

Labarin wata yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, gidansu masu kiwon zuma ne a kan dutse. Wata rana ƙudan zuman suka tashi gaba ɗaya, ta bi su har birni ba da sanin kowa ba, uwarta ta biyo sawu. Aikinki ki kalli uwar a allo, in ta buɗe baki ki yi magana, in ta rufe ki yi shiru. Na san na biyun ne zai ba ki wuya.

An hana mu tura rubutun ta waya, sai hannu da hannu, shi ya sa na ba Muniru mai motar doya ya kawo miki takardunki. Kada ki karanta wa 'yan kasuwa, Goggo, na sa hannu a kan haka. 'Yarki Taslima ce ta fassara shi daga Turanci tana can Bawku, kuma ta yi aiki mai kyau. Ranar ɗaukar murya ashirin da takwas ga Agusta.

Ɗanki,
Fadlullah

*

Salaga, 11 ga Yuli

Fadlullah,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, tana kai ni kasuwa tana dawo da ni, ban nemi fiye da haka a wurinta ba. Ka ce wa ubanka in ya karye a kan babur ɗin nan kada a aiko mini, na gama jinyarsa tun yana ɗan shekara shida. Goro ya yi tsada, amma mutanen Kete Krachi sun zo sun kwashe rabin abin da nake da shi, alhamdulillahi.

Wai sun zaɓe ni. To da wa za su zaɓa? Shekara arba'in ina kiran masu saye daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan ba lasifika. Ba a yin suna ko biki a unguwarmu ban sanar da mata ba. Zan zo, kuma zan yi, ka kwantar da hankalinka. Ban karanta wa 'yan kasuwa ba. Alimatu mai kuka da daddawa kaɗai na gaya wa ƙudan zuman sun gudu, ita ma don ta dame ni da tambaya.

Matar nan ta cikin takarda ta burge ni. Ba ta da wasa, ba ta lallashin banza. Akwai inda ta ce wa mijinta ya tashi daga kan buhu ya je ya nemo 'yarsa, na karanta sau uku ina dariya ni kaɗai.

Amma akwai gyara ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne. Sunan yarinyar. Na ƙirga, sau goma sha bakwai uwar take kiran ta, kuma sunan da aka sa mata sunan 'yar Bawku ne. Kai ba baƙo ba ne a gidan nan. Ka san 'yar fari ce a wurina, ka san mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Uwata ba ta taɓa kiran yayanmu da sunansa ba har ta koma ga Allah, kakata ma haka. Ko yanzu da nake rubutu, ka duba ka gani ko na rubuta shi. Ba zan tsufa in je in faɗe shi a sinima duniya tana ji ba.

Ka canza shi, shi ke nan. Sunaye ba su ƙare ba. Sauran duk na haddace rabi, in ka zo ka gwada ni.

Goggonka,
Asiatu

*

Yendi, 15 ga Yuli

Madam Turanci,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Bawku, yaya maigidanki Sha'aban da shanunsa, yaya ɗanki Samed da ƙanwarsa? Na ji an ce 'yan makarantarki sun fara jarrabawa, Allah ya cece su daga jan biron ki. Ga shafuka talatin zuwa hamsin na dawo miki da su, akwai wurare biyu da maganar ta fi bakin tsawo, na yi alama.

Yanzu ki gaya mini, ke da wa kuka shirya mini wannan? Lokacin da kamfani suka ce mu ba yarinyar sunan gida, kin ce dole ya zama mai gaɓa uku, saboda bakin zanen sau uku yake motsi, kuma a na ƙarshe leɓe yana haɗuwa ya buɗe. Kika ce naki ya dace, na yi dariya na ce son kai ne irin na malaman makaranta, na amince. Wallahi ban kawo Goggo a raina ba, don a lokacin ba a zaɓi murya ba tukuna. Amma yanzu na tuna ke ce kika ce in sa tata cikin shidan.

Ta ce za ta yi komai ban da sunan. Ga wasiƙarta na haɗo miki ki gani da idonki. Ni ba zan iya canza ta ba, mutanen Akra sun riga sun aika muryarta can, an ce ita ake so. Canza sunan kuwa aikin yini ɗaya ne a wurinki. Ki yi wa ɗan kawunki rai, ni da ke wasa ne tsakaninmu, kada ki sa Goggo ta fasa mini kai da tire.

Naki,
Fadlullah

*

Bawku, 22 ga Yuli

Fadlullah,

Muna lafiya. Sha'aban ya tafi Paga da awaki, sai jibi. Samed ya yi zazzaɓi ya warke, yanzu cin abinci yake kamar an biya shi. Wuraren biyu na gyara, ka gwada su da hoton, za ka ga sun zauna daidai.

I, da gangan na yi. Ba zan ɓoye maka ba, kuma ban ji kunya ba.

Kai a gaban uwarka ka girma, ba za ka gane ba sai na faɗa. Ina da shekara biyu aka ɗauko ni daga Salaga aka kawo ni nan wurin Mma Safura, yayar babana, don ba ta samu haihuwa ba. Ba na ƙorafi, ta riƙe ni riƙon da ko 'yar cikinta sai haka. Amma duk hutun da aka kai ni Salaga, ina zaune a tsakar gida ina jin uwata, Mman Salaga, tana kwaɗa kira. Awudu! Munawara! Har akuyarta tana da suna. In ta zo kaina sai ta ce "ke", ko ta ce wa wani "ka ce wa 'yar Bawku ta zo ta ci abinci", alhali ina gabanta. Na san al'ada ce, an gaya mini tun ina ƙarama. Sanin bai taɓa hana ni jin zafin ba.

Mma Safura ta rasu shekara biyu ke nan. Ita ce take kira na da sunana, tun daga ƙofar gida, da faɗa da wasa. Tun da aka binne ta ban sake jin sa yadda take faɗinsa ba. Sha'aban Maman Samed yake ce mini. A makaranta Madam. Kai kuma ga abin da kake kira na. Rannan a asibiti aka kira sunana, na zauna ina kallon wadda za ta tashi.

Da na zo fassara wurin tashar jirgin ƙasa, inda uwar ta hango 'yarta cikin taro ta kira ta, na ajiye biro na yi kuka. Nan na yanke shawara. Na ce in Mman Salaga ba za ta iya kira na ba, to ta kira 'yar zane, ni kuma in zauna a sinima in ji. Ba ni za ta kalla ba, allo za ta kalla. Me ya rage na kunya a nan?

Ba zan canza ba. Na san ta, tana son a ji muryarta fiye da yadda take son goro. Za ta yi ƙorafi ta gaji, ta zo ta faɗa. Ka bar ni da ita, kuma kada ka nuna mata wannan takardar.

Taslima

*

Salaga, 30 ga Yuli

Zuwa ga 'yar Bawku,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Na ji Samed ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Na ba Muniru ƙullin goro fari na Sha'aban, da gari na yara. Ki duba ƙullin da kyau, Muniru yana da dogon hannu.

Fadlullah ya zo nan ranar Juma'a yana ta kame-kame, wai bakin katun sau uku yake motsi, wai sai sunan nan ne zai shiga. Na ce masa Halima sau nawa ne? Salima fa? Karima fa? Ya kama kallon silin. Ni ban yi makarantar da kuka yi ba, amma na iya ƙirga uku. Na gane aikinki ne, ba na katun ba.

To ki ji. Aikin da kika yi yana da kyau, Hausar ta fita, ban zaci mutumin Bawku zai iya ba. Amma abin da kike nema ba zan iya ba. Sunan nan bai taɓa zama a bakina a gaban mutane ba, kuma ban ga ranar da zai zauna ba. Ba ni na raine ki ba. Wadda ta raine ki ita ke da bakin kiran ki, ni ba ni da shi. Ki sa wani suna mu gama aikin yaron nan lafiya.

Ki rubuto mini da wuri.

Uwar Awudu

*

Bawku, 6 ga Agusta

Mma,

Na gode da saƙo, goron ya iso cif, garin ma. Yara suna gaishe ki. Sha'aban ya ce Allah ya saka da alheri.

Na karanta takardarki sau da yawa. "Ba ni na raine ki ba." Gaskiya ne. Kuma a ƙasa kin sa hannu Uwar Awudu, shi ma gaskiya ne. Na daɗe ina zaton kunya ce kawai ta tsaya tsakaninmu, ina cewa in an samu hanyar da za a zagaye ta, za ki so ki kira ni ko sau ɗaya. Yanzu na gane tun ranar da aka sa ni a mota kika sallama ni gaba ɗaya. Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba, amma gara da na sani.

Ki yafe mini da na sa ki a tsaka mai wuya. Na cire sunana daga takardun duka, wuri goma sha bakwai, na sa Salima. Ya dace da bakin. Ga sababbin shafukan, Muniru zai sauke su a Yendi tare da wannan wasiƙar, Fadlullah ya aiko miki. Ki je ki yi aikinki, na tabbata za ki yi shi fiye da kowa. Ba zan sake neman wannan abu a wurinki ba.

Matar Sha'aban

*

Salaga, 21 ga Agusta

Fadlullah,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ruwa ya yi yawa, kasuwa duk caɓi.

Mako uku ke nan ban ji daga Bawku ba. Na kira ta a waya sau biyu, ta gaishe ni kamar ta ga baƙuwa a mota, ta miƙa wa yara. Kai kuma ka ce da ka tambaye ta sai ta ce komai yana cikin takarda. Wace takarda? An ce motar Muniru ta lalace a hanyar Bawku, ruwa kuma ya cinye hanyar, yana can yana gadin kayansa. In ta ba shi wani abu, to yana can tare da shi.

Ba na son shirun nan. Yarinyar nan tun tana ƙarama in ta yi fushi ba ta kuka, sai ta share tsakar gida sau biyu. Halina ne ta ɗauko, shi ya sa na san shi.

Ko da takarda ko babu, ranar ashirin da bakwai ina Yendi. Ban taɓa cewa zan zo in fasa ba. Ka ce wa matarka kada ta sa mini barkono da yawa, murya nake tattali. Batun sunan kuma in na zo ma san yadda za a yi. In ta kama, duk inda ya fito sai in yi tari.

Goggonka

*

Yendi, 29 ga Agusta

'Yar Bawku,

Ina gaishe ki daga gidan kawunki. Lafiyata lau, sai dai makogwaro. Ki gaida Sha'aban da yara. Wannan takardar za ta yi tsawo, ki nemi wuri ki zauna.

Jiya da hantsi muka je gidan rediyo. Ina zaune a benci ina jiran Fadlullah ya gama haɗa wayoyinsa, sai ga Muniru ya shigo, ya rame, wandonsa duk jar ƙasa, da ambulan a hannu. Kwana ashirin da biyu takardarki tana cikin motarsa. A ƙofar ɗakin ɗaukar murya na karanta ta.

Ke malamar makaranta ce, amma karatun takardata ya gagare ki. Da na ce ba ni na raine ki ba, ba sallama ki na yi ba. Safura ta yi miki wanka, ta yi jinyar ƙyandarki, ta sayar da zannuwanta ta kai ki makaranta. Da na tsaya a tsakar gida ina kiran ki da baki cike kamar yadda nake kiran Awudu, da na ce mata ke nan aro na ba ta, ina nan ina jiran kayana. Ba a yi wa mai riƙo haka. Kunyar 'yar fari ɗaya, kunyar Safura biyu. Uwar Awudu kuwa haka duk Salaga ke kira na, saboda su ma sun san ba a haɗa ni da sunanki a baki. Ban san kina ƙirga wannan a cikin laifina ba.

Kuma na ce bai taɓa zama a bakina a gaban mutane ba. Kin tsallake "a gaban mutane". Shekara talatin da huɗu, ban taɓa idar da sallar asuba na tashi daga kan tabarma ban faɗe shi ba. Ke nake fara ambata, kafin Awudu, kafin Munawara, kafin ubanku Allah ya ji ƙansa. Allah ya ji sunanki a bakina fiye da yadda kowa ya ji shi a bakin kowa. Ke ce kawai ba ki ji ba, kuma sai jiya na gane wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kika ce kin cire sunanki wuri goma sha bakwai. Sai kuma na ga ƙasan takardar, Matar Sha'aban. Ke ma kin daina rubuta shi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wato yarinyar nan za ta zauna a duniya ba mai kiran ta, har ita kanta.

Fadlullah ya leƙo yana murna, ya ce, "Goggo, an huta, ga sabon rubutu, Salima ce yanzu." Na ce ya mayar da shi cikin ambulan, ya ba ni tsohon. Ya tsaya yana kallo na. Na ce, "Kai, da Hausa na yi maka magana ko da Dagbanci?"

Ɗakin ƙarami ne kamar akurki, an manna katifa a bango. Aka sa mini abin ji a kunne. Na ce a fara da wurin tashar jirgin, in na wuce shi sauran wasa ne. Na kori mutum biyu da ke wurin, na ce Fadlullah ya juya baya. Ya ce in ya juya ba zai ga na'urarsa ba, na ce to ya rufe ido ɗaya.

Matar ta fito a allo, tana kutsawa cikin mutane, gyalenta ya zame. Ta hango yarinyar a bakin jirgi. Ta buɗe baki sau uku. Ni ko uffan. Aka mayar, ta sake buɗewa, shiru. Sau huɗu matar nan tana kiran 'yarta ba murya saboda ni. Ni da ake ji na daga ƙarshen kasuwa.

A na biyar ban kalli allon ba. Na tuna tashar motar Salaga. Safura ta ɗauke ki a kafaɗa, kina sanye da wata 'yar riga ruwan ɗorawa, takalminki ɗaya ya faɗi. Motar ta tashi, kin juyo kina nema na cikin mutane. Sunan ya zo mini har baki, amma kakarki tana tsaye a gefena, sai na haɗiye shi, na sunkuya na ɗauki takalmin. Wannan kiran ne na yi jiya. Ya makara da shekara talatin da biyu, amma da ƙarfinsa ya fito, har Fadlullah ya cire abin kunnensa.

Ya ce ya yi, ba sai an sake ba. Na ce na sani.

Sauran goma sha shidan ba su ba ni wuya ba. Akwai na faɗa, akwai na kiran cin abinci, akwai wanda take faɗa a hankali tana taje mata kai. Na yi su duka kafin la'asar. Yaron ya ce mutanen Akra za su yi mamaki, na ce su suka sani.

Kada ki sa ran in kin zo Salaga za ki ji ina kwaɗa shi a tsakar gida. Ni ce dai, ban canza ba, kin ga ko a nan ban rubuta shi ba. Amma yana cikin na'urar Fadlullah, kuma ya ce a Disamba za a ji shi har ƙasashen da ban san sunansu ba. Duk wanda ya tambaya wa nake kira, ki ce ke ce. Takalmin yana nan a ƙasan akwatina, in kina so.

Uwarki

*

Yendi, 9 ga Satumba

Mma,

Ina gaishe ki. Yaya makogwaro, yaya gajiyar hanya? Yara suna wurin kakarsu, uwar Sha'aban, a Bawku, lafiyarsu lau. Ni ina Yendi tun shekaranjiya, hanya ta buɗe.

Takardarki ta same ni a makaranta. Ban iya shiga aji na biyu ba, na ce wa shugabar makarantar kaina ke ciwo. Ki yafe mini abin da na rubuta. Na karanta takardarki ta farko da fushi, fushin ya rufe mini rabinta.

Aikina ne in zauna in duba kowace magana ta dace da bakin zanen kafin a aika Akra, don haka na zo. Na ce wa Fadlullah mu bi fim ɗin daga farko kamar yadda aka saba, ba tsallake. Na riƙe biro da takarda kamar mutuniyar kirki. Kin yi kyau, Mma. Inda kika kori mijin daga kan buhu, mai share ɗakin ma sai da ya tsaya dariya. Kiran farko da na biyu da na uku na daure, na yi alama a takarda, na ce sun dace.

Sai muka zo tashar jirgin.

Ban san na yi magana ba. Fadlullah ne ya tsayar da hoton, ya ce, "Madam, kin ɓata mini aiki." Ashe makirfon ɗakin a buɗe yake, ya ɗauki abin da na ce. Ya mayar ya kunna mini. Ga muryarki ta cika ɗakin, ga tawa a bayanta, ƙarama, kamar ba ta mace mai 'ya'ya biyu ba. Ya ce dole ya goge ta daga na kamfani, don yarinyar fim ɗin ba ta amsa a wurin, gudu take yi ta rungume uwarta. Amma ya ajiye mana namu daban, zan kawo miki ki ji.

Ranar Asabar ina Salaga. Ki ce mini "ke" yadda kika saba, ba zan ji komai ba. Ki fito mini da takalmin, ɗayan yana wurina, Mma Safura ba ta taɓa yar da shi ba. A Disamba kuma ni da ke za mu je inda ake nuna fim ɗin, ko Tamale ne ko Kumasi, ki zauna kusa da ni. Ina gargaɗin ki tun yanzu, zan ba ki kunya a gaban mutane, don duk sau goma sha bakwai ɗin sai na amsa.

Wanda na'urar ta ɗauka kuwa, ga shi a rubuce kafin ki ji shi da kunnenki.

Na'am, Mma.

'Yarki ta fari,
Taslima